Furotin matattara

Furotin matattara rukuni ne na furotin da ake samu a cikin ƙwayar halitta, waɗanda aikinsu shi ne riƙe wasu furotin biyu ko fiye a wuri guda domin su yi aiki tare. Yawancinsu ba sa sarrafa wani sinadari da kansu kamar yadda enzayim ke yi. Abin da suke tsarawa shi ne wane furotin zai haɗu da wane, a wane sashe na ƙwayar, kuma a wane lokaci. Ta wannan hanya suke da hannu a isar da saƙo daga wajen ƙwaya zuwa cikinta, da jigilar kaya tsakanin sassanta, da kuma riƙe siffarta. A littattafan kimiyya na Turanci ana kiran su sikafol, kalmar da aka aro daga katako ko ƙarafan da magina ke haɗawa a jikin gini domin ma'aikata su tsaya a kai.

Ana samun irin waɗannan furotin a cikin yis, da tsirrai, da dabbobi, da ɗan Adam. Idan ɗaya daga cikinsu ya lalace, sau da yawa sauran furotin suna nan lafiya ƙalau, amma aiki ya tsaya domin babu mai haɗa su. A Arewacin Najeriya misali mafi kusa shi ne jar ƙwayar jini, inda ragar furotin da ke riƙe da siffarta take da alaƙa kai tsaye da zazzaɓin cizon sauro da cutar sikila.

Matsalar da suke warwarewa

Faɗin yawancin ƙwayoyin jikin mutum bai wuce maikuromita 10 zuwa 30 ba, alhali maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk da wannan ƙanƙanta, akwai biliyoyin furotin a cikin ƙwaya guda, iri-iri har dubbai, a cunkushe. Daga cikin enzayim da ake kira kainas kaɗai, masu liƙa wa wasu furotin sinadarin fosfet domin kunna su ko kashe su, mutum yana da sama da iri 500, kuma da yawansu sun yi kama da juna. Da za a bar kowane furotin ya yi ta yawo har ya ci karo da abokin aikinsa, da saƙo ya makara, ko ya faɗa hannun wanda ba shi aka aika wa ba.

Ana iya kwatanta lamarin da karar shanu ta Wudil ranar Juma'a. Mai sayarwa da mai saye duk suna cikin taron, amma dillali ne ke tsayar da su wuri guda har ciniki ya faɗa, ba tare da shi ya mallaki sa ko kuɗin ba.

Masana sun bayyana hanyoyi huɗu da furotin matattara ke bi:

Kusantarwa: yana riƙe enzayim da abin da zai yi aiki a kansa dab da juna, sai aikin ya yi sauri.
Keɓewa: yana hana furotin da yake riƙe da shi shiga wata hanyar saƙo da ba tasa ba.
Ajiyewa a wuri: yana ɗaure taron furotin a wani takamaiman sashe, kamar ƙarƙashin tantanin da ya kewaye ƙwaya.
Daidaitawa: wasunsu suna sauya siffar furotin da suka riƙe, su ƙara masa ƙarfi ko su rage.

Yawan furotin matattara a cikin ƙwaya yana da iyakar da ta dace. Idan ya yi kaɗan, haɗuwa ba ta samuwa. Idan kuma ya yi yawa fiye da kima, kowanne sai ya kama abokin aiki ɗaya ya riƙe, abokan su rarrabu a kan matattara daban-daban, saƙon ya raunana.

Yadda aka gina su

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, wadda ke naɗewa ta ɗauki wata siffa. Furotin matattara yawanci ya ƙunshi sassa da dama a jere, kowane sashe da irin abin da yake kamawa, kamar maɓallai a zobe guda.

Sashen PDZ, mai amino asid kusan 80 zuwa 90, yana kama 'yan amino asid na ƙarshen wutsiyar wani furotin. An samo sunansa daga haruffan farko na furotin uku da aka fara ganinsa a jikinsu: PSD-95, Dlg da ZO-1. Sassan SH3 da WW suna kama wuraren da amino asid mai suna furolin ya yi yawa. Maimaicin ankirin, mai amino asid 33, yana jeruwa sau da yawa har ya zama doguwar farfajiyar da furotin daban-daban ke zama a kai. Akwai kuma dogayen sassa masu murɗewa kamar igiya, da wasu marasa tsayayyar siffa da ke lanƙwasa yadda ake buƙata.

Ana bambanta furotin matattara da furotin mahaɗi, wanda ƙarami ne kuma yawanci abu biyu kawai yake haɗawa, kamar Grb2. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta da kaifi, kuma marubuta da yawa suna haɗa su a babi guda.

Tarihin ganowa

A 1968 Vincent Marchesi da Edward Steers suka ware wani furotin daga tantanin jajayen ƙwayoyin jini da aka zubar da abin cikinsu, suka kira shi sifektirin. A ƙarshen shekarun 1970 Vann Bennett ya gano ankirin, wanda ke ɗaure sifektirin a jikin tantani. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin angar jirgin ruwa.

A 1992 ɗakin binciken Mary Kennedy a Kalifoniya ya bayyana PSD-95 daga ƙwaƙwalwar ɓera. A 1994 ƙungiyoyin bincike da dama, ciki har da ta Elaine Elion a Jami'ar Harvard, suka nuna cewa furotin Ste5 na yis yana riƙe kainas uku a lokaci guda. Daga nan ne aka fara kallon furotin matattara a matsayin rukuni mai zaman kansa. A 1995 aka gano KSR a jikin ƙudan 'ya'yan itace da wata ƙaramar tsutsa, a 1997 kuma aka gano JIP1. A 2013 aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel saboda bayyana yadda ƙwaya ke jigilar kaya a cikin 'yan jakunkuna.

Isar da saƙo

Ƙwayar yis tana jin sinadarin da wata ƙwayar ke fitarwa idan lokacin haɗuwarsu ya yi. Saƙon yana bi ta kainas uku a jere: Ste11 ya kunna Ste7, shi kuma ya kunna Fus3. Ste5 ne ke riƙe da ukun, ya kai su ƙarƙashin tantani a gefen da sinadarin ya fito, sannan ya sauya siffar Fus3 yadda Ste7 zai iya kunna shi. Amma Ste11 ɗin nan yana aiki a wata hanya dabam, wadda yis ke amfani da ita idan gishiri ya yi yawa a kewayensa, kuma a can Pbs2 ne ke riƙe da shi. A 2003 ɗakin binciken Wendell Lim a San Faransisko ya haɗa wani matattara na gwaji daga sassan Ste5 da Pbs2. Ƙwayoyin da aka saka wa shi, da suka ji sinadarin haɗuwa, sai suka mayar da martanin gishiri. Wannan ya nuna cewa matattara na iya yanke inda saƙo zai nufa.

A jikin mutum KSR yana yin aiki makamancin wannan a hanyar Raf da MEK da ERK, wadda ke umartar ƙwaya ta rabu biyu, kuma take rikicewa a nau'o'in sankara da yawa. Wani babban iyali mai suna AKAP, mai furotin sama da 50, yana ɗaure kainas PKA a wurare daban-daban. Shi ya sa sinadarin saƙo guda, cAMP, ke iya ƙara ƙarfin bugun zuciya a wani sashe na ƙwaya ba tare da ya kunna duk abin da PKA ke iya kunnawa ba.

A mahaɗar ƙwayoyin jijiya, PSD-95 yana zaune ƙarƙashin tantanin ƙwayar da ke karɓar saƙo. Da sassansa uku na PDZ yake kama wutsiyoyin furotin masu karɓar sinadarin gulutamet, ya jera su daidai gaban wurin da ɗaya ƙwayar ke sakin sinadarin. Ƙaruwa ko raguwar masu karɓa a wannan wuri tana cikin abubuwan da koyo da tuna abu suka dogara a kai.

Jigilar kaya

Ƙwaya tana da sassa masu tantani a cikinta: ragar endofilazim inda ake ƙera furotin da za a fitar, da tarin Golgi inda ake gyara su a rarraba, da endosom inda ake tantance abin da aka shigo da shi, da laisosom inda ake narkar da abin da ya ƙare aiki. Kaya suna tafiya tsakanin waɗannan sassa a cikin 'yan jakunkuna na tantani. Furotin matattara suna shiga aikin a matakai biyu.

Ɗaure kaya

A 1964 Thomas Roth da Keith Porter suka ga wasu 'yan ramuka masu rufi a tantanin ƙwan sauro, inda ƙwan ke shigar da abincinsa. A tsakiyar shekarun 1970 Barbara Pearse a Kambirij ta ware furotin da ke yin rufin, ta sa masa suna kilatirin. Kilatirin yana da ƙafa uku, kuma idan da yawa suka haɗu sai su saƙa kwando mai gidaje biyar-biyar da shida-shida kamar ɗinkin ƙwallon ƙafa. Kwandon ne ke lanƙwasa tantani har ya zama jaka. Kilatirin ba ya gane kaya da kansa. Furotin mahaɗi AP-2 ne ke kama wutsiyar abin da za a shigar da hannu ɗaya, ya kama kilatirin da ɗayan. Ta haka ƙwayoyin ɓargo masu ƙera jini ke shigar da sinadarin ƙarfe, hanta kuma take kwashe kwalastarol daga cikin jini.

A bakin ragar endofilazim wani rufi mai suna COPII ne ke ɗaure sababbin furotin, kuma babban furotin Sec16 ne ke tsara wuraren da ake yin lodin. A endosom kuma akwai retiroma, wanda aka bayyana a 1998, mai ceto furotin da har yanzu suke da amfani ya mayar da su Golgi ko tantanin waje kafin a kai su laisosom. A 2011 aka gano cewa sauyi a VPS35, ƙashin bayan retiroma, yana haddasa wani nau'in cutar Fakinsin da ake gado.

Ɗora kaya a hanya

A cikin ƙwaya akwai siraran bututu da ake kira maikurotubul, waɗanda suke zaman hanyoyi. Furotin masu tafiya iri biyu ne ke bin su. Kainesin, wanda Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano a 1985, yawanci yana tafiya daga tsakiyar ƙwaya zuwa gefenta, kowane taku nanomita 8, yana ƙona sinadarin ATP ɗaya a kowane taku. Dainin kuma yana dawowa daga gefe zuwa tsakiya. Muhimmancin wannan ya fi bayyana a ƙwayar jijiya, wadda zarenta kan kai mita ɗaya daga ƙashin baya zuwa yatsan ƙafa. Da kaya za su bi wannan nisa ta hanyar watsuwa kawai, da sun yi shekaru. A kan maikurotubul suna iya cin santimita 20 zuwa 40 a rana.

Kainesin da dainin ba su san kayan da za su ɗauka ba, kuma idan ba su da kaya sukan kasance a kashe. Furotin matattara ne ke ɗora musu kaya, ya kunna su, wani lokaci kuma ya zaɓi alkiblar tafiya. JIP1 yana kama jaka, yana kama kainesin, yana kama ɓangaren dainin, kuma yana ɗauke da kainas JNK. Idan aka liƙa masa fosfet a wani wuri sai ya kunna kainesin jaka ta yi gaba, idan aka cire kuma ta fi karkata baya. Maitokondiriya, masu samar wa ƙwaya makamashi, suna hawa hanya ta hannun Miro da TRAK. Miro yana jin sinadarin kalsiyam, kuma inda kalsiyam ya yi yawa, alamar jijiya na aiki tuƙuru a wurin, sai ya tsayar da tafiyar maitokondiriyan ya zauna inda ake buƙatarsa. A 2014 aka nuna cewa dainin na dabbobi masu shayarwa ba ya doguwar tafiya sai wani dogon furotin irin BICD2 ya haɗa shi da abokinsa dainaktin. Sauyi a BICD2 yana jawo wani nau'in shanyewar tsokar ƙafafu da ake gado. Hantintin, furotin da lalacewarsa ke kawo cutar Hantintin, shi ma matattara ne na masu jigila.

Jar ƙwayar jini

Jar ƙwayar jini ta mutum ba ta da cibiya, ba ta da Golgi, ba ta da maikurotubul. Faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, amma a cikin kwanaki kusan 120 da take rayuwa tana ratsa siraran hanyoyin jini da suka fi ta ƙunci, tana kuma matsewa ta tsagogin saifa masu faɗin maikuromita 1 zuwa 2, sannan ta koma siffarta ta faifai. Abin da ke ba ta wannan juriya shi ne ragar furotin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tantaninta.

Zaren ragar shi ne sifektirin, mai miƙewa da komawa. Ƙarshen zarurrukan suna haɗuwa a kan gajerun sandunan aktin, inda furotin 4.1 ke ƙarfafa ƙullin ya kuma ɗaure shi a jikin tantani. A tsakiyar kowane zare kuma ankirin ne ke ɗaure sifektirin da furotin band 3, wanda ya ratsa tantani. Akwai band 3 kusan miliyan ɗaya a kowace ƙwaya, kuma aikinsa na farko shi ne musayar kulorayid da baikabonet, abin da ke ba jini damar ɗauko iskar kabon daga jiki zuwa huhu. Wutsiyarsa ta ciki ita ma matattara ce: tana riƙe ankirin, da enzayim masu sarrafa sukari, da himogulobin da ya sauke iskar oksijin.

Idan aka gaji nakasa a ankirin ko band 3, tantani yana ɓarewa kaɗan-kaɗan, ƙwaya ta dunƙule kamar ƙwallo, saifa ta riƙa kama ta tana rusawa. Wannan ya fi yawa a mutanen Arewacin Turai. Idan kuma nakasar tana wurin da zarurrukan sifektirin ke haɗuwa da juna, ƙwaya tana zama doguwa kamar ƙwai. Wannan nau'in ya fi yawa a Afirka ta Yamma, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai. Gwajin jinotaif ba ya nuna waɗannan nakasu, domin himogulobin yake dubawa. Ana fara ganin su ne idan aka shafa jini a gilashi aka duba da madubin likita.

Zazzaɓin cizon sauro

Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma kusan duka ƙwayar cutar Plasmodium falciparum ce ke jawo ta. A ƙaramar hukumar Wudil, da garuruwanta irin su Indabo da Utai da Darki da Lajawa, cutar tana tsananta ne da damina da farkon kaka, kamar sauran sassan Jihar Kano, kuma a wannan lokaci ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin riga-kafi duk wata.

Ƙwayar cutar tana shiga jar ƙwayar jini ta zauna awa 48 tana girma. Tana fuskantar matsala guda: ƙwayar da ta shiga tana yin tauri, kuma idan ta bi ta saifa za a kama ta. Hanyar tsira ita ce ta manne a bangon ƙananan hanyoyin jini kada ta isa saifa. Domin haka dole ta kai wani furotin nata mai danƙo, PfEMP1, har saman tantanin ƙwayar jinin. Tunda ƙwayar jini ba ta da kayan jigila, ƙwayar cutar ce ke gina nata.

Tana fitar da furotin ɗaruruwa zuwa cikin ƙwayar jinin. Yawancinsu suna ɗauke da wata gajeriyar alama mai suna PEXEL, wadda aka gano a 2004, kuma suna fita ta wata ƙofa mai suna PTEX da aka bayyana a 2009. Tana kafa wasu faffaɗan jakunkuna da ake kira tsagogin Maurer, sunan likitan da ya bayyana su a 1902, inda ake tara PfEMP1 kafin a tura shi sama. Furotin SBP1 yana jikin waɗannan jakunkuna, kuma idan aka cire shi PfEMP1 ba ya isa saman ƙwaya. Tana kuma kwance aktin daga ƙullin ragar mai masaukinta, ta saƙa dogayen zarurruka tsakanin tsagogin da tantani.

A ƙarshe wani furotin mai suna KAHRP, wanda Araxie Kilejian ta gano a 1979, yana taruwa a ƙarƙashin tantani, ya kama sifektirin da ankirin, ya tura tantanin waje ya zama 'yan ƙuraje dubbai. A kan waɗannan ƙuraje PfEMP1 ke tsayawa. A 1997 aka cire ƙwayar gadon KAHRP a gwaji, sai ƙurajen suka ɓace, kuma ko da yake PfEMP1 yana isa sama, ƙwayoyin ba su iya riƙe bango idan ruwa na gudu. KAHRP ke nan furotin matattara ne da ƙwayar cuta ta dasa a kan ragar mutum. Mannewar da yake ƙarfafawa ita ce ke toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, inda take jawo suma da jijjiga ga yara, da kuma a mabiyiya, inda take sa a haifi jariri ba nauyi.

Sikila

Himogulobin S ya bambanta da na yau da kullum da amino asid ɗaya tak, na shida a sarƙar beta, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wanda ya gaji S daga iyaye biyu yana da cutar sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar a Najeriya duk shekara. Wanda ya gaji S daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, kuma haɗarin kamuwarsa da maleriya mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a Gabashin Afirka a 1954.

An ga shaidar haka a ƙasar Hausa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike kan maleriya a gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jihar Jigawa. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da abokan aikinsa sun wallafa a 1979 cewa kashi 24 cikin 100 na jarirai a yankin AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara 5 adadin ya kai kashi 29. Bambancin yana nuna cewa masu AS sun fi tsallake shekarun ƙuruciya.

Kariyar tana da dalilai fiye da ɗaya, kuma ɗaya daga ciki ya shafi jigila. Ƙungiyar Rick Fairhurst a Amurka ta nuna a 2005 da 2008 cewa a ƙwayoyin da ke da himogulobin C ko S, PfEMP1 yana raguwa a saman ƙwaya, ƙurajen kuma suna fitowa ba bisa tsari ba. A 2011 ƙungiyar Michael Lanzer a Haidalbag ta ƙasar Jamus ta nuna cewa a irin waɗannan ƙwayoyi zarurrukan aktin da ƙwayar cutar ke saƙawa suna fitowa gajeru, tsagogin Maurer kuma suna lalacewa. Hanyar kai kaya ta samu tangarɗa, mannewa ta yi rauni, saifa ta samu damar kwashe ƙwayoyin da suka kamu.

Ga mai SS kuwa, ragar tasa ce ke shan wahala. Himogulobin S yana zama dogayen sanduna idan oksijin ya yi ƙasa, ya lanƙwasa ƙwaya kamar lauje. Bayan lanƙwasa da miƙewa sau da yawa, ragar tana ƙagewa. A 1976 Samuel Lux da abokan aikinsa suka nuna cewa ko an wanke himogulobin gaba ɗaya daga irin waɗannan ƙwayoyi, ragar da ta rage tana nan a siffar lauje. Ƙwayar jinin mai sikila tana rayuwa kwana 10 zuwa 20 ne kawai, abin da ke jawo ƙarancin jini na dindindin. Kariya daga maleriya ta masu AS ce; ga mai SS maleriya babban haɗari ne. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin jinotaif.

Kwalara

Cutar amai da gudawa, wadda ke ɓarkewa lokaci zuwa lokaci a Arewacin Najeriya musamman da damina, ita ma tana bin hanyoyin jigilar ƙwaya. Gubar ƙwayar cutar tana manne wa tantanin ƙwayoyin hanji, a shigar da ita cikin jaka, ta bi hanya a juye ta Golgi zuwa ragar endofilazim, daga nan ta fito ta sa ƙwaya ta riƙa samar da cAMP babu tsayawa.

A tantanin da ke fuskantar cikin hanji akwai ƙofar kulorayid mai suna CFTR. Furotin NHERF1, mai sassan PDZ biyu, yana kama wutsiyarta, ya haɗa ta da ezrin, wanda ke riƙe da aktin da kuma PKA. A lafiyayyen hanji wannan tsari yana sa ƙofar ta buɗe nan take idan ana buƙata. A kwalara PKA ba ya mutuwa, ƙofar ta zauna a buɗe, kulorayid ya kwarara, ruwa ya bi shi, har babban mutum ya iya rasa lita ɗaya a awa guda. Ruwan gishiri da sukari yana ceton rai ne domin ƙofar da ke shigar da sodiyam tare da sukari dabam take, kuma gubar ba ta rufe ta.

Magani da sarrafawa

Magunguna da yawa suna toshe ramin da enzayim ke aiki da shi. Furotin matattara ba su da irin wannan rami, farfajiyar da suke kama abokansu da ita kuma faffaɗa ce, shi ya sa haɗa maganinsu ke da wuya. An gwada wani magani mai suna nerinetide, wanda ke raba PSD-95 da masu karɓar gulutamet domin rage mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa bayan bugun jini. A babban gwajin da aka wallafa a 2020 bai nuna amfani ga dukkan majinyatan a jimlace ba.

Masana kuma suna ƙera matattara na kansu. A 2009 John Dueber da Jay Keasling da abokan aikinsu a Kalifoniya suka jera enzayim uku a kan wani matattara da suka haɗa daga sassan PDZ da SH3 da wani na uku, a cikin bakteriya, sai sinadarin mebalonet da take samarwa ya ninka sau 77. Mebalonet mataki ne a hanyar da ake bi wajen sa ƙananan halittu su samar da tushen atimisinin, sinadarin da manyan magungunan maleriya na yau suka dogara a kai.

Tun daga 2009 bincike ya nuna cewa wasu furotin matattara masu sassa da yawa suna taruwa su zama ɗigo a cikin ƙwaya, kamar mai a cikin ruwa, ba tare da tantani ya kewaye su ba. A 2016 aka nuna cewa PSD-95 da abokinsa SynGAP suna yin irin wannan ɗigo a gwaji. Wannan fage ne da har yanzu ake bincike a kansa.

Duba kuma

Ƙwayar halitta
Furotin
Jajayen ƙwayoyin jini
Zazzaɓin cizon sauro
Sikila
Kwalara
Wudil